Ranar da Kwamfutar Yaya Ta Ƙi Buɗe Ido

Wallahi na san ba za ka yarda ba. Ko shaidu huɗu zan jero maka, kowa da katinsa a hannu, cewa za ka yi na ƙara gishiri. To ban ƙara ba, ragewa ma na yi, don akwai wuraren da in na tuna har yau kunnuwana sai sun yi zafi.

Da farko ka san da wa kake magana. Ni injiniyan kwamfuta ne. Gaskiya ne ban ƙarasa makarantar koyon aikin ba, amma laifin malaman ne. Abin da suka tsara koyarwa a shekara biyu, ni a mako shida na gane shi, sai na ga zaman ba shi da amfani. Wasu za su ce maka kora ta aka yi saboda an shafa wa kujerar malami gam. Ban musa an shafa gam ba. Abin da nake cewa shi ne, ko ba a shafa ba dama ina shirin tafiya. Mutanen layinmu, da yake hassada ta yi musu katutu, suka laƙaba min Rabin Zango. A gida kuwa Auta ake ce min.

Yayata tana da shagon buga takardu. Kwamfutar tebur ɗaya, firinta, da kyamarar ɗaukar hoton fasfo a kan ƙafa uku. A damanmu mai aski ne, sa'ana, a hagu kuma Baba Tela. Dokar Yaya a kaina guda ce: in yi shara, in haɗa takardu, in ɗauki fasfo, amma ko inuwata kada ta faɗa kan kwamfuta. Ka ji fa. Likita a gida, an hana shi taɓa marar lafiya.

Sai ga shi an kwantar da surukarta a asibiti, dole ta je jinya kwana biyu. Ta miƙo min makulli tana kallona kamar mai ba kura ajiyar nama. Lambar sirrin kwamfutar kuwa tun bara na san ta, domin Yaya ba ta iya danna ta ba tare da leɓenta ya motsa ba.

To ina da wata baiwa bayan injiniyanci: kwaikwayo. Duk wanda na ji maganarsa sau biyu, ya shiga aljihuna. Da rana tsaka, lokacin da layi ke mutuwa, sai in tura ƙofa, in saita kyamara, in tsaya a gaban farin ƙyallen fasfo. Na yi Baba Tela. Na yi mai aski. Na yi Hedimastan makarantar da ke bayanmu, babban mai kawo wa Yaya aiki. Ita kanta Yayar ban bar ta ba, tunda ta manta mayafinta da jakar hannunta a bayan ƙofa. Bidiyo wajen arba'in, kowanne ya fi na baya.

Allon kyamarar bai fi tafin jariri ba, aiki irin wannan kuwa yana son fili. Sai na juye su gaba ɗaya cikin kwamfuta, na share na kyamarar tas saboda Yaya tana duba ta. A nan na yi dabarar da har yau nake yaba wa kaina. Na shiga jakar makaranta da ke cikin kwamfutar, inda sunayen yara da maki suka cika maƙil, na buɗe sabuwar jaka a ciki, na sa mata suna da manyan baƙaƙe: ASALIN SAKAMAKO, KADA A GOGE. Yaya tana tsoron takardun Hedimasta kamar wuta, ba za ta buɗe ba, ba za ta goge ba. Washegari in zo da filas, ɗan abin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, in kwashe kayana kafin ta dawo, shi ke nan.

Ana cikin juyewa wani ɗan akwati ya faɗo a allo da alamar gargaɗi ruwan ɗorawa. Ban karanta ba. Irin wannan don masu koyo ake rubuta su. Na danne shi, na kashe wuta daga bango, na tafi gida ina fito.

Da safe na biya na ari filas wurin mai aski, na buɗe shago. Yaya za ta dawo da sha biyu. Hedimasta kuma zai zo karɓar takardun sakamakon yara ɗari uku da ke cikin kwamfutar, a buga masa, iyaye na jiransa ƙarfe biyu. Lokaci har ya yi min yawa.

Na danna maɓalli. Fanka ta juya. Wasu fararen rubuce-rubuce suka zubo kamar jerin tururuwa, suka tsaya. Allo ya yi baƙi ƙirin. Babu hoton tagwayen Yaya da ke fitowa kullum, babu wurin sa lambar sirri, babu kibiya. Sai wani ɗan gajeren layi a can saman kusurwa, yana ƙiftawa, yana ƙiftawa, kamar yana kashe min ido.

Na kashe, na kunna. Haka. Na sake. Haka. Na ɗan mare ta a gefe yadda ƙwararru ke yi. Ta ci gaba da kashe min ido. Bidiyo arba'in a cikinta, ni a waje.

"Salamu alaikum. Ɗana, ina yayarka?"

Hedimasta ne, cikin farar riga fes wadda ta sha guga, biro uku da fensir a aljihu.

"Ranka ya daɗe, tana hanya. Amma ai ka samu wanda ya fi ta."

"A taƙaice, takarduna nake so." Ya leƙa allo, ya gyara tabarau. "Wannan fa?"

"Ƙaramin abu ne. Allon ne ya mutu. Fitilar cikinsa ta ƙone."

"To amma ga wani abu can yana motsi."

"Numfashin ƙarshe ne, ranka ya daɗe. Allo kawai za mu canja."

Allo ɗaya ne a layinmu banda namu: katuwar talabijin ɗin mai aski, wadda yake kallon ƙwallo da ita, ya fi son ta da wasu danginsa. Na same shi yana tsakiyar yi wa Baba Tela aski, ya kwashe ɓangaren dama, hagu na nan.

"Mutumina, aron talabijin minti biyar."

"Rabin Zango, da safe filas, yanzu talabijin. An jima matata za ka ce in ara maka ta yi maka wanki?"

"Aikin ceto ne."

"Ko gobara ce ba ta sauka daga bangon nan."

Sai Hedimasta ya shigo bayana ya fara. Ya ce a taƙaice yara ɗari uku, ya ce a taƙaice iyaye, ya ce a taƙaice makomar al'umma. Da ya kai a taƙaice ta bakwai, mai aski ya ajiye injin aski ya hau kujera da kansa ya fara kwance talabijin, don kawai a yi shiru.

Muka kinkimo ta mu biyu, muka ɗora a kan kujeru biyu na shagonmu, fuskarta na kallon titi saboda nan ne kawai ta shiga. Baba Tela ya biyo mu da ƙyallen aski a wuya, rabin kai na sheƙi.

"Kai, wa zai ƙarasa min kaina?"

"Baba, minti biyar aka ce," in ji mai aski. "Kai da kake ce wa mutane gobe tun bara, ba ka iya jiran minti biyar?"

Na zare wayar allonmu, na jona ta talabijin a bayan kwamfuta. Na naɗe hannun riga, na ce kowa ya matsa baya. Na danna.

Tururuwa suka zubo, kowace kamar ɗan yatsa. Suka tsaya. Baƙi ƙirin. Ɗan layin nan ya fito, yanzu ya kai tsawon takalmina, yana kashe wa duk layin ido.

"Ita ma fitilarta ta ƙone?" in ji Baba Tela.

"Ka ƙona min talabijin?" Mai aski ya yi kaina.

"Ku kwantar da hankali. Gwaji ne wannan. Yanzu na tabbatar ba allo ba ne, dama abin da nake zargi ke nan. Ƙura ce ta toshe mata hanyar hoto."

Masu wucewa da suka ga talabijin a bakin ƙofa suka ɗauka wasa za a nuna, suka fara tsayawa. Ni kuwa in na ga taro, ilimina ƙaruwa yake. Na karɓi ɗan sukudireban da mai aski ke kwance injinsa, na buɗe cikin kwamfuta. Sukuru huɗu na cire, uku na gani a hannuna, ɗayan na ji ƙararsa ƙil a can ciki, na yi kamar ban ji ba.

"Kun ga wannan?" Na nuna fanka. "Ita ce ƙwaƙwalwa. Shi ya sa take juyawa, tunani take. Mutumina, kawo handirayarka."

"Ta busar da gashi?"

"Iska ai iska ce."

Ya kawo. Hedimasta ya sunkuyo sosai don ya ga inda takardunsa suke zaune. Baba Tela ya sunkuyo ta ɗaya gefen. Na saita bakin handiraya, na murɗa ta har ƙarshe.

Ban san ƙurar shekara shida tana da yawa haka ba. Wani baƙin gajimare ya taso fuu, shago ya yi duhu. Da ya lafa, farar rigar Hedimasta ta koma kalar tokar murhu, tabaransa sun rufe ruf, sai tari yake yana neman bango. Baba Tela kuwa, da yake gefen da aka aske da ɗan danshi, ƙurar ta manne masa luf.

"Alhamdu lillahi Baba, gashi ya dawo," in ji mai aski. "Sai ka sake biya na."

Taro ya kwashe da dariya. Hedimasta ya cire tabarau, sai ga fararen da'ira biyu a fuskarsa.

"Ɗana, ƙarfe nawa?"

"Sha ɗaya da kwata, ranka ya daɗe. Saura mataki ɗaya."

A mako shidan da na yi a makaranta, abu ɗaya na ga malami ya yi da idona kafin maganar gam ta taso: ya zaro wani siririn falle kore mai haƙoran zinariya, wanda ake ce wa ram, ya goge haƙoran da magogin fensir, ya mayar. Na zari fensirin Hedimasta daga aljihunsa. Na fisgo fallen, ya fito da wata ƙara da ban so ba. Na goge shi har magogin ya ƙare, na hure, na ɗaga shi sama kowa ya gani. Wajen mayarwa ya ƙi shiga. Na juya shi, ya shiga rabi. Na ce ya isa, sauran zai shige da kansa in ya ji ɗumi. Wayar talabijin ta zare garin kokawa, na ga rami biyu iri ɗaya a bayan kwamfutar, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na soka a na sama, tunda sama ta fi daraja.

Na danna.

Ƙiiit. Ƙiiit. Ƙiiit.

Tururuwa ba su zo ba. Layin ma bai zo ba. Talabijin ta yi shuɗi, kwamfuta na ta ihu kamar an taka wutsiyar ɗan kyanwa.

"Kun gani?" na ce. "Ci gaba ke nan. Da baƙi ne, yanzu shuɗi. Da ba ta magana, yanzu tana yi."

"Me take cewa?" in ji Baba Tela.

"Cewa take a ƙwace ta daga hannunsa," in ji mai aski.

Sai na ga taron bakin ƙofa ya dare biyu, dariya ta ɗauke ɗif.

Yaya ce, da jakar kayan jinya a hannu, mijinta a bayanta riƙe da makullin mota. Ta dubi kwamfutarta ciki a buɗe. Ta dubi talabijin a kan kujerunta. Ta dubi Hedimasta, sai da ta ɗan jima kafin ta gane shi. Sannan ta dube ni.

"Auta."

"Sannu da zuwa Yaya. Ya mai jiki?"

"Auta."

"Ƙwayar cuta ce, Yaya. Irin sabuwar nan mai shigowa ta wayar wuta. Allah ne ya sa ina nan, da yanzu ta kama firinta."

"Na ce ka taɓa?"

"Ban taɓa ba sai da ta fara."

Nan wata dabara ta faɗo min, irin wadda ke zuwa wa masu basira kaɗai in an matse su. Na gyara murya.

"Magani ɗaya ne. A wanke ta tas. A share duk abin da ke cikinta, a zuba sabo. Kada a bar ko ƙwaya ɗaya. Ni zan yi, kyauta."

"Sakamakon yarana fa?" in ji Hedimasta.

"Ranka ya daɗe, yaran ai suna nan da ransu. A sake musu jarrabawa."

Ya zauna daɓas a kan kwalin takardu. Yaya ta ciro waya.

"Injiniya, don Allah kina kusa?"

Mutum ɗaya ake kira Injiniya a unguwar nan ba da zolaya ba, kuma ajinmu ɗaya da ita a waccan makarantar. 'Yar Gaba nake ce mata, saboda kullum tana kujerar farko tana rubuta har tarin malami. Na taɓa sa mata ƙadangare a jaka. Ita ta ƙarasa shekara biyun.

"Yaya, wannan yarinyar littafi kawai ta sani. Ɓata miki na'ura za ta yi."

"Ta fi haka ɓaci?"

"To bari in je in sayo fis kafin ta zo."

"Mai aski, tsaya min a ƙofar nan."

Ya tsaya, har da harɗe hannu. Mutumin da muka taso tare.

Minti goma sai ga ta a kan babur, da 'yar jakar kayan aiki. Ta gaida Yaya, ta rusuna wa Hedimasta da Baba Tela, ta kalle ni sama da ƙasa.

"A'a, Rabin Zango. Aikinka ne wannan? Na ga alamar hannunka tun daga titi."

"Na riga na yi mai wuyar. Ƙarasawa kawai za ki yi."

Ta kashe wuta. Ta karkata akwatin, sukuruna ya gangaro, ta ɗora min a tafin hannu. Ta zare ram, ta duba, ta saita, ta danna da manyan yatsu biyu, ƙas, ƙas. Ta zagaya baya, ta cire wayar daga ramin sama ta mayar na ƙasa.

"Wannan na saman ba ya aiki in akwai katin hoto a ƙasa. Mako na bakwai aka koya mana."

Mai aski ya yi wata dariya har da riƙe ƙofa.

Ta kunna. Ihu ya daina. Tururuwa suka zubo, allo ya yi baƙi, ɗan layina ya dawo yana ƙiftawa.

"Kun gani!" na ce da ƙarfi. "Inda na same ta nan ta dawo da ita. Ina ilimin?"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta haɗa maɓallai uku ta danna lokaci guda. Sai ga rubutu ya fito yana tambayar suna. Ashe duk wannan lokacin akwai ƙofar baya, ba wanda ya gaya min. Yaya ta sa lambar sirri, leɓenta na motsi. 'Yar Gaba ta rubuta wani ɗan guntun abu, wasu lambobi suka jeru.

"Hajiya, allonki lafiyarsa ƙalau. Ba ƙura ba ce, ba ƙwayar cuta ba ce. Cikinta ne ya cika, ɗari bisa ɗari."

"Cika kuma? To shi ne zai hana ta nuna hoto?" in ji Yaya.

"Baba Tela, in an jibge maka kaya a kan tebur har ba wurin ajiye allura, za ka iya yanka?"

"Ina fa. Sai na samu inda zan shimfiɗa yadi."

"To ita ma haka. Kafin ta zana miki allo sai ta ɗan samu wurin shimfiɗa 'yan takardunta. Ba ta samu ba, shi ne ta tsaya a bakin ƙofa. Ai tana gargaɗi kafin ta kai haka. Ba wanda ya ga wani ɗan akwati ya fito?"

Na duƙufa ina nazarin sukurun da ke hannuna.

"Wato talabijin ɗina a banza aka sauke ta," in ji mai aski.

"Rigata fa?" in ji Hedimasta.

Ta sake rubuta wani abu. Jerin sunaye ya fito a katuwar talabijin, kowa na gani har na bakin titi. Ta sa yatsa a kan na farko ta karanta da ƙarfi.

"Asalin sakamako, kada a goge. Wannan shi kaɗai ya cinye fiye da rabin cikin. Abin mamaki, sakamakon yara ɗari uku bai kai nauyin hoto goma ba."

"Ita ce!" na yi tsalle. "Ƙwayar cutar ke nan, haka suke ɓad da kama. Goge ta! Goge yanzu kafin ta hayayyafa!"

Na kai hannu. Ban san tsoho yana da sauri haka ba. Hedimasta ya taso daga kan kwali ya kife a kan madannan da ƙirjinsa, ƙura na tashi daga rigarsa.

"Ba mai gogewa! Kada a goge aka rubuta! Asali ne!"

"Ranka ya daɗe, ba naka ba ne."

"A jakar makarantata yake! Kai ka san na wa ne?"

Yaya ta juyo a hankali.

"I, Auta. Ya aka yi ka san ba nasa ba ne?"

"Hasashe ne irin na masana."

Na matsa kusa da 'Yar Gaba, na yi ƙasa da murya. "Injiniya, don zumuncin aji. Ki ce hannunki ya kuskure."

"Yau ni ce Injiniya?" Ita ma a hankali ta faɗa, tana murmushi. "Ƙadangaren nan sai da ya yi min kashi a littafi." Sai ta ɗaga murya. "Ba sai an goge komai ba. Wa ke da filas, in kwashe kaɗan a samu wuri?"

Na dafe aljihu.

"Ai nawa na wurinsa," in ji mai aski. "Da sassafe ya zo ya ara."

"Da sassafe," in ji Yaya. "Tun kafin ta lalace ke nan."

Aka zaro filas daga aljihuna kamar ana cire haƙori. Ta kwashe 'yan kaɗan, ta sake kunna kwamfuta. Tururuwa suka zubo, allo ya ɗan yi duhu, sai ga tagwayen Yaya sun cika talabijin suna dariya. Titi ya ɗauki tafi. Ni ma na tafa, na ce, "Mun yi nasara," ina laluben hanyar fita ta ƙarƙashin hannun mai aski.

Aka fara tura takardun Hedimasta, firinta ta kama aiki shar, shar, shar. Ya tsaya a kanta yana karɓar kowace takarda da hannu biyu. Na ɗauka an manta da ni.

"Injiniya," in ji Yaya, "buɗe min asalin sakamakon nan."

Kuma ka tuna, ƙarar talabijin ɗin tana inda mai aski ya bar ta, ta kallon ƙwallo.

Sai ga ni. Katon kaina ya cika allo, tef ɗin awo a wuya, allurai uku a baki. "Gobe in sha Allahu, hannu ɗaya ya rage. Wane hannu? To, yadin ma ban yanka ba, amma gobe in sha Allahu."

Layi ya fashe. Mai aski ya durƙusa yana dukan ƙasa. "Wallahi shi ne! Baba, har yadda kake sosa kunne da almakashi!"

"Ɗan banza," in ji Baba Tela. "Yadin uwarka na riƙe?"

Na biyu ya shigo. Ni ne da injin aski, na kama kan tsintsiya, ina kallon sama ina ihu, "Buga! Buga mana!" injin na tafiya inda ya ga dama. "Yi haƙuri Alhaji, sabon yayi ne, kunne ɗaya ake yi yanzu."

Mai aski ya miƙe, dariyarsa ta tsaya a maƙogwaro. Yanzu Baba Tela ne ke riƙe ciki, ƙura na zuba daga rabin kansa. Hedimasta ma ya bar firinta yana ƙyaƙyatawa, yana cewa yaron nan da ya yi karatu da an ga abu. Bai rufe baki ba sai ga ni da biro uku a aljihu. "A taƙaice, zan taƙaita, domin taƙaitawa, a taƙaice, tana da rassa goma sha ɗaya."

Wata mata a bakin ƙofa ta ce, "Wallahi haka ya yi mana ranar taron iyaye, har jaririna ya yi barci ya farka ya sake barci."

Hedimasta ya mayar da tabaransa masu ƙura, wai don kada a ga idonsa.

Duk wannan Yaya ba ta yi ko murmushi ba. "Na ƙarshen," ta ce.

Na rufe ido, amma kunne ba shi da murfi. Na ji muryata ta koma tata sak. Na buɗe ido ɗaya. Ga ni da mayafinta, jakarta a hammata, ina nuna kyamara da yatsa. "Auta! Ko inuwarka! Auta, wa ya shanye min ruwan sanyi?" Sai na ɗaga waya, murya ta narke. "Na'am, Baban Tagwaye? A'a wallahi ban gaji ba, muryarka ma hutu ce."

Mijinta ya tura fuska cikin hula, kafaɗunsa na rawa.

A allo na matso kusa da kyamara, na kashe ido. "Yanzu kuma ku ga yadda Yaya ke yi in surukarta ta bugo waya. Da farko sai ta kalli wayar ta ce..."

Hoton ya tsaya cak. Bakina a buɗe, ido ɗaya a kanne, mayafi ya zame gefe.

"A nan cikin ya cika," in ji 'Yar Gaba. "Rabinsa ne ya shiga. Wannan ne ya kashe allon."

"Sauran fa?" in ji Yaya.

"Babu, Yaya. Na share na kyamara. Wallahi babu shi ko'ina a duniya." Karon farko ke nan da na faɗi gaskiya a ranar, har wani sanyi na ji.

"Rigata dai shi zai wanke," in ji Hedimasta.

"Ya mayar min da talabijin bango, ya share gashi wata guda."

"Ni a ƙarasa min kaina tukuna, sannan in yi tunanin nawa."

"Duk zai yi," in ji Yaya. "Ku bari in karɓi nawa."

Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta ɗauko mayafin. Ta yafa min da kanta, ta gyara shi a kafaɗa sosai kamar mai shirya yaro zuwa makaranta. Ta saƙala min jakarta a hammata, ta danƙa min wayarta. Ta ja ni gaban farin ƙyallen fasfo.

"Injiniya, yanzu akwai wuri a cikinta?"

"Akwai na kamar minti goma."

"Ya isa. Kunna kyamara."

Aka sauke talabijin ƙasa aka ba Yaya kujera ɗaya. Mijinta ya ja ɗayar ya zauna kusa da ita, yana share hawaye.

"Auta, daure ka yi shi da kyau," ya ce. "Shekara goma sha biyu ina son in san abin da ake cewa kafin a ɗaga wayar Mama."

Na dubi ƙofa. Mai aski, Baba Tela, da rabin unguwa. Na dubi kyamara, jar fitilarta ta kama. Na dubi Yaya.

Ta sunkuya a nutse, ta cire takalminta ɗaya, mai tsinin dunduniya, ta ɗora a kan cinya.

"Sai ta kalli wayar ta ce me? Muna jinka."